Yadda ake amfani da “churn out” a Turanci, da inda take juyewa ta zama suka

Duk wanda ya buɗe ƙamus ya duba “churn out” zai tarar an ce ma'anarta samar da abu mai yawa cikin sauri. Haka ne, sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba, domin kalmar tana tafe da hukunci a cikinta. Idan mai jin Turanci ya ce wani marubuci “churns out novels”, mafi yawan lokaci ba ƙwazonsa yake yabawa ba. Nufinsa mutumin yana zubo littattafai kamar inji, wannan na bin wancan, ba ya tsayawa ya duba ko abin da ya fito yana da kyau. Mai koyon da bai san wannan ba sai ya ɗauke ta ya saka a takardar neman aiki, ko a wasiƙar yabon abokin ciniki, yana ganin ya yi gwaninta, alhali ya zubar da darajar aikin da yake son ɗagawa. Saboda haka sanin nauyinta ya riga sanin inda ake ajiye ta a jimla.

Inda ta samo asali

“Churn” tsohuwar kalma ce a Ingilishi, kuma asalinta sunan mazubin da ake fitar da man shanu a cikinsa ne. Siffarsa da aka fi sani ita ce doguwar ganga ta katako, mai murfi da rami a tsakiya, an zura sanda ta ramin. A zuba madara mai maiƙo, a kama sandar a yi ta ɗagawa ana dannawa, ana ɗagawa ana dannawa, har maiƙon ya dunƙule ya rabu da ruwan. Daga baya aka ƙera mai mariƙi da ake juyawa. Ko wanne ne dai aikin bai canza ba: motsi guda ake maimaitawa, hannu yana yi ko da hankali ya tafi wani wuri. Wannan hoton shi ne mabuɗin kalmar, kuma wanda ya riƙe shi da wuya ya yi amfani da ita a inda ba ta dace ba. Ita kuwa “out” aikinta nuna fitowa, wato abin da kaɗawar ta haifar ya zubo waje.

Irin wannan haɗi shi masu nahawun Turanci ke kira “phrasal verb”, wato aikatau da wata 'yar ƙaramar kalma ke yi wa rakiya, su biyun su ba da ma'anar da babu ɗayansu da ke ba da ita shi kaɗai. Abin ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa. Wanda ya “ci gaba” bai ci komai ba, wanda aka “ja wa kunne” ba lallai an taɓa kunnensa ba. Haka ita ma wannan, a koye ta a dunƙule.

Abin da za ka duba kafin ka saka ta

Fara da yawa. “Churn out” ba ta zama da abu ɗaya da aka yi sau ɗaya. Karɓau ɗinta, wato abin da aikin ya faɗa wa, kusan kullum jam'i ne, irin su “cars”, “articles”, “songs”, “graduates”, ko kuma sunan da ba a ƙirga shi, irin su “music”, “propaganda”, “paperwork”. Jimla kamar “The tailor churned out my suit” ba ta zauna ba, saboda kaya ɗaya ne aka ɗinka wa mutum ɗaya. “Made” ta wadatar a nan.

Akwai wurare biyu da tilo ke shiga lafiya lau. Ɗaya shi ne idan ana faɗin adadi a kan lokaci, kamar “She churns out a novel a year”. Littafi ɗaya aka ambata, amma “a year” ta mayar da shi jeri, duk shekara da nata. Ɗayan kuma shi ne tare da “another” ko “yet another”, kamar “The studio has churned out yet another sequel”. Ita kanta “yet another” tana ɗauke da ƙosawa, kamar a ce sun kuma sake sako wani.

Bayan yawa sai kamanni. Abubuwan da ake fitarwa su kasance kusan iri ɗaya, an kuma yi su a kan kari. Mai zanen da ya yi hoto 40 cikin shekara 30, kowane hoto da irin fuskarsa, ba za a ce ya yi “churn out” ba, ko da 40 ɗin sun cika ɗaki. Wanda ke zana hoto iri ɗaya sau goma a rana don sayar wa 'yan yawon buɗe ido, shi kam kalmar ta hau kansa daidai.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi wuya, kuma shi ya cancanci a daɗe a kansa: me mai sauraro zai ji kana nufi? Amsar ta rataya ne a kan wanda ke yin aikin da kuma irin abin da yake fitarwa.

Idan inji ne ko masana'anta, kalmar ba ta cika cizo ba, don ba wanda ke tsammanin inji ya tsaya tunani. Ga misali: “Between 1908 and 1927, Ford churned out more than 15 million Model Ts.” Jimlar ta dace ta kowace fuska. Motar samfuri ɗaya ce, adadin ya haura miliyan 15, kuma tun da kamfanin ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park a 1913, lokacin haɗa gangar mota ɗaya ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Ma'aikaci yana tsaye wuri ɗaya, aikin yana zuwa gabansa, yana ɗaure abin da ya ɗaure minti biyu da suka wuce. Ka ga sandar nan ta gangar madara ce ta dawo da wata siffa.

Wani lokaci ma mamaki take nunawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wuraren ƙera jiragen ruwa na Amurka sun fitar da jiragen dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710 tsakanin 1941 da 1945. Tsari ɗaya aka bi, ana ƙera sassan daban a kawo a haɗa da walda, har aka taɓa sauke ɗaya daga cikinsu ruwa, mai suna Robert E. Peary, bayan kwana huɗu da kusan awa 15 da rabi da fara haɗa shi, a watan Nuwamban 1942. Wanda ya rubuta “American shipyards churned out 2,710 Liberty ships” ba raina aikin yake yi ba, jinjina wa ƙarfin samarwar yake yi.

Amma da zarar aikin ya zama na ƙwaƙwalwa, rubutu ko waƙa ko fim ko bincike ko koyarwa, sai kalmar ta karkata zuwa suka. Dalilin a fili yake: an kwatanta mutum da inji a wurin da ake tsammanin ya sa hankali da basira. Ɗauki marubuciyar Ingila Barbara Cartland, wadda ta rubuta littattafai sama da 700. Mai son aikinta zai ce “She was a prolific writer”, wato marubuciya ce mai yawan haihuwar littattafai. Wanda bai ga darajar littattafan ba zai ce “She churned out romances”. Adadin bai canza ba ko da ɗaya. Abin da ya canza shi ne ra'ayin mai magana, kuma zaɓen aikatau ne ya tona shi.

Haka nan idan mutane ne ake fitarwa. “The university churns out graduates” tana sa mai karatu ya hango ɗalibai suna fitowa kamar kwalabe a kan layi, da takarda a hannu ba tare da an tabbatar sun ƙoshi da ilimi ba.

Sai dai kalmar da ke biye da ita tana iya juya akalar. Idan abin da ake fitarwa abin so ne a kan kansa, sukar takan koma sha'awa. “The band kept churning out hits” yabo ne, don “hits” waƙoƙi ne da suka karɓu. “The academy churns out world-class players” ma haka, makarantar ƙwallo ce da ba ta gajiya da fitar da gwanaye. A ɗaya ɓangaren kuma, sifofi irin su “cheap”, “identical”, “endless” da “low-quality” suna ƙara wa sukar kaifi. Shawarata ga mai koyo ita ce, idan ba ka sa wata kalmar yabo ƙarara kusa da ita ba, ka ɗauka za a karanta ta a matsayin suka.

Gina jimlar

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne aikau, wato mai yin aikin, sai “churn out”, sai karɓau: “The factory churns out toys.” Ana iya raba kalmomin biyu a sa karɓau a tsakani: “The factory churns toys out.” Duka biyun daidai ne, amma na farkon ya fi yawa a rubutu, kuma shi ya fi aminci ga wanda bai gama gogewa ba.

Idan karɓau ɗin dogo ne, kada ka raba. “The factory churns out thousands of cheap plastic toys” tana tafiya sumul. Idan ka ce “The factory churns thousands of cheap plastic toys out”, kafin mai karatu ya iso ga “out” ya manta da cewa yana jiranta. Kalma ɗaya ko biyu ana iya sa su a tsakiya, fiye da haka a tura su baya.

Wurin da masu jin Hausa suka fi tuntuɓe shi ne wakilin suna. Idan karɓau “it” ne ko “them”, dole ya shiga tsakiya, babu zaɓi: “The factory churns them out.” Faɗin “churns out them” kuskure ne da kunnen mai harshen ke kamawa nan take. Tushen kuskuren kuwa ba boyayye ba ne. A Hausa muna cewa “fitar da su”, “fitar da” tana manne, wakilin suna yana biyo baya, sai harshe ya kwashi wannan jerin ya kai shi Turanci. Maganinsa a haddace gajerun jimloli guda biyu har su zauna a baki: “churn it out”, “churn them out”. Ƙa'idar ba ta shafi “some”, “more” ko “hundreds” ba, waɗannan suna iya zuwa a baya: “They churned out more.”

Akwai wani tuntuɓen mai kama da wannan. Hausa tana barin a yar da karɓau idan an riga an san shi, a ce “masana'antar tana ta fitarwa dare da rana”. Turanci ba ya yarda da haka a wannan aikatau. “The factory churns out day and night” jimla ce da ta tsaya a rataye, mai sauraro yana jiran a faɗa masa me ake fitarwa. Sai an ce “churns them out day and night”, ko a ambaci kayan.

Bayanau kuma, wato kalmar da ke bayyana yadda aka yi aikin, ba ya shiga tsakanin kalmomin biyu. Ba a cewa “churn quickly out”. A sa shi gaba, “They constantly churn out reports”, ko a kai shi ƙarshen jimla. Ita “quickly” ma sau da yawa ƙari ce marar amfani, tunda saurin yana cikin aikatau ɗin tun farko. Abin da ya fi ƙara wa jimla ƙarfi shi ne adadi ko kari: “500 units a day”, “by the thousand”, “at a rate of two a week”, “year after year”, “book after book”.

Ka kuma kula da sunayen da ba sa ɗaukar “s” na jam'i. Saboda ma'anar kalmar tana kiran yawa, hannu yakan so ya rubuta “furnitures”, “equipments”, “informations”. Babu ɗayansu da yake daidai. “The workshop churns out furniture” ita ce jimlar, yawan ya riga ya fito daga aikatau. Haka “content” idan ana nufin rubuce-rubuce da bidiyon da ake zubawa a intanet, ba a ce mata “contents”, wannan ma'anarta abin da ke cikin akwati ko jerin babukan littafi.

Lokutan aikatau

Nan babu wahala, aikatau ne mai bin ƙa'ida: “churn”, “churns”, “churned”, “churning”. Ba a ninka “n”, kuma duk canjin yana kan “churn”, ita “out” ba a taɓa ta. Tunda maimaituwa ce ruhin kalmar, ta fi sabawa da sigogin da ke nuna ci gaba da aiki. “They keep churning out the same film” ita ce daidai da “suna ta sako fim iri ɗaya”, “keep” tana yin aikin da “ta” ke yi a Hausa, kuma abin da ke bin “keep” dole ya ƙare da “ing”. Idan ana son nuna daɗewa, “The press has been churning out leaflets since Monday”, ko “for three days”. “Since” tana tafiya da lokacin da aka fara, “for” da tsawon lokacin.

Ana iya juya jimlar a sa kayan a gaba: “Millions of these phones are churned out every month.” Idan za a ambaci mai yin, “by” ake sawa: “churned out by a single factory”. Wasu sukan rubuta “churned out of the factory”, suna jin “out” tana neman “of”. Wannan yana karkatar da hankali zuwa fita daga gini maimakon samarwa, gara a guje shi.

Ba a saba mayar da ita suna ba. Idan kana son faɗin yawan abin da aka samar, kalmar ita ce “output”. Idan sifa kake nema don kayan da aka yi da yawa, “mass-produced” ta fi zama daram.

Furuci

Haruffan “ch” a nan su ne “c” ta Hausa, kamar a “ciki”. Wasalin ne babu irinsa a Hausa. Dogon wasali ne da ake yi da harshe a kwance a tsakiyar baki, leɓɓa a sake, ba a zagaye su ba a kuma ja su gefe, shi ne wanda ke cikin “bird”, “learn” da “turn”. Mafi yawan mutanen Ingila ba sa furta “r” ɗin, Amurkawa suna furta ta ba tare da kaɗa harshe ba. Kurakuran da aka fi ji su ne a ce “can” ko “con”, ko a cusa wasali tsakanin baƙaƙen a ce “curun”. Kalmar gaɓa ɗaya ce. “Churned” ma gaɓa ɗaya ce, ƙarshenta “d” kawai, ba “ned” ba.

A magana mai gudu baƙin ƙarshe yakan tsallaka ya manne da “out”, sai “churn out” ta fito kamar an ce “naut” a ƙarshe, “churned out” kuma kamar “daut”. Wanda bai san haka ba zai iya jin kalmar a labarai sau goma bai gane ita ce ba. Idan “out” ce ta rufe jimla, a kanta ake sauke nauyin murya: “They just churn them out.”

Inda bai kamata ta shiga ba

Kalma ce ta hira da ta aikin jarida. Za ka gan ta a sharhin fina-finai, a labaran kasuwanci, a muhawara. Ba ta da wuri a yarjejeniya, ko rahoton bincike, ko takardar bayanin kaya, inda ake son magana marar ɗaukar ɓangare. A can “produce”, “manufacture” ko “publish” ake so.

Haɗarin ya fi girma idan mutum yana maganar aikin kansa ko na wanda yake girmamawa. Mai neman aiki ya rubuta “I churned out ten reports every week”, yana son a ga ba ya wasa. Mai ɗaukar aiki zai karanta cewa rahotannin na a-yi-a-gama ne. Gyaran shi ne “I produced ten reports a week”, ko “I delivered ten reports a week to deadline” idan ana son nuna cika alkawari. Kamfani ya rubuta a tallarsa “We churn out quality shoes”, ya haɗa kalmomi biyu da ke faɗa da juna, ɗaya na cewa an kula, ɗaya na cewa ba a kula ba. Ɗalibi ya gabatar da malaminsa a taro da “She has churned out many papers”, ya soke ta a gaban jama'a ba da niyya ba, inda “She has published widely” ce ta kamace shi.

Akwai inda mutum kan faɗe ta a kan kansa da gangan, don koke: “I spend all day churning out emails.” Wato yini nake ina ta tura saƙonni, aiki marar daɗi da ba ya ƙarewa. Wannan daidai ne, don mai maganar ya san abin da yake nufi.

'Yan'uwanta, da yadda za ka zaɓa

Mafi kusa da ita ita ce “turn out”. “The plant turns out 900 cars a week” tana faɗin adadi ba tare da hukunci ba, don haka ita ce mafaka idan kana son salon hira amma ba ka son suka. Matsalarta yawan ma'anoni: “It turned out to be false” nufinta daga baya ta bayyana ƙarya ne, “Thousands turned out” kuma dubbai sun fito taro. Kasancewar karɓau a bayanta ne ke nuna ana maganar samarwa.

“Crank out” kusan tagwayen “churn out” ce, daga mariƙin da ake juyawa a tayar da inji, kuma ta fi yawa a bakin Amurkawa. “Pump out” tana ba da hoton abin da ke kwarara ba yankewa, shi ya sa ta dace da hayaƙi, kiɗa daga lasifika, ko farfaganda. “Grind out” ta bambanta da su duka ta wajen wahala: abin yana fitowa, amma da ƙyar da gumi, har ana cewa ƙungiyar ƙwallo “ground out a 1–0 win”, ta samu nasara da jan ciki. Lura cewa shuɗaɗɗen lokacinta “ground” ne. Idan kuwa abu ɗaya ne aka yi cikin hanzari, wasiƙa ko gajeren rahoto, “knock out” ko “dash off” ake nema: “He dashed off a reply.”

Biyu da ake yawan rikitawa da ita su ne “roll out” da “roll off”. “Roll out” ba ta da alaƙa da yawa, ma'anarta ƙaddamar da sabon kaya ko sabon tsari ga jama'a. Kamfani yakan yi “roll out” na sabuwar waya sau ɗaya, sannan masana'antunsa su yi ta “churn out” ɗinta wata da watanni. “Roll off” kuma kayan ne ke zama aikau, ba masana'anta ba: “The last original Volkswagen Beetle rolled off the line in Puebla, Mexico, in 2003.” Motar ce ta gangaro daga layi. Ba za ka iya sa “churned out” a gurbin ba sai ka juya jimlar.

Ita “churn” ɗin kanta tana da wasu rassa da ba su shafi samarwa ba. “Churn up” ita ce dama ƙasa ko ruwa, kamar yadda tayoyin babbar mota ke dama taɓo. “My stomach is churning” cikina yana juyawa, don tsoro ko tashin zuciya. A harkar kasuwanci “churn rate” adadin abokan cinikin da ke barin kamfani ne cikin wani lokaci, don haka “The company has high churn” ba ta nufin yana samar da kaya da yawa, tana nufin masu sayensa suna guduwa. Akwai kuma “churnalism”, haɗin “churn” da “journalism”, wadda ɗan jaridar Birtaniya Nick Davies ya yaɗa a 2008, ana nufin aikin jaridar da ke kwashe sanarwar kamfanoni da rahotannin dillancin labarai a sake bugawa ba bincike. Samuwar wannan kalma kaɗai ta isa nuna inda “churn out” ta karkata idan aikin na alƙalami ne.

Idan za ka mayar da ita Hausa

Babu kalma ɗaya da ke ɗauke ta duka, kuma mai fassarar da ya tsaya a “samar da” ya zubar da rabin saƙon. Sai a duba abin da marubucin ya fi nufi. Idan yawa ne da ƙarfin aiki, “tana fitar da motoci dubu-dubu” ko “tana ƙera su ba dare ba rana” sun isa. Idan suka ce, Hausa tana da kayan aikinta: “yi ta zubo”, “sako su barkatai”, “jibgo”, “aikin a-yi-a-gama”. “The studio churns out comedies” za ta iya zama “kamfanin yana ta zubo finafinan barkwanci kamar ba gobe”. Ga ɗalibai kuwa “ƙyanƙyashe” tana kama hoton sosai, “jami'ar tana ta ƙyanƙyashe ɗalibai”, yayin da “yaye” ita ce ta “turn out” ko “produce” marar hukunci.

Gwaji kafin a rufe littafi

Hanyar da ta fi zaunar da ita a kai ita ce gyaran jimloli. Ɗauki “Our bakery churns out them every morning.” Kuskure biyu ne a ciki, ɗaya na nahawu ɗaya na dabara. Wakilin suna ya koma tsakiya, “churns them out”, sannan tunda mai gidan burodin ne ke maganar kayansa, “bakes them fresh every morning” ta fi yi masa hidima. Ɗauki “The author churned out her only novel over twenty years.” Nahawun lafiya lau, ma'anar ce ta rushe: littafi ɗaya cikin shekara ashirin babu yawa babu sauri, “wrote” ko “worked on” ake so. Sai “The printer has been churning out since morning”, wadda ke neman karɓau, a ƙara “copies” bayan “out”. Ta ƙarshe, “The company will churn out its new app on Friday”: manhaja ɗaya ce za a ƙaddamar a rana ɗaya, don haka “roll out” ce ke da gurbin.